Bayan Doktora, Ina Aka Dosa? Neman Gurbin Bincike a Fannin Fizik Daga Yamai

Laccar da aka gabatar a gaban malamai da ɗaliban doktora na fannin fizik, Jami'ar Abdou Moumouni, Yamai



  Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, suka kuma yarda a yi shi da Hausa, domin a faɗi magana yadda za ta shiga kunne ta zauna.

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne yadda wanda ya kare kundin doktora a fizik zai samu gurbin bincike na ɗan wa'adi a wani labo, abin da dukanmu muke kira postdok. Zan bi maganar daki-daki, kashi bakwai. Amma ga kanta tun yanzu, don wanda barci zai ɗauka a tsakiya ya tafi gida da wani abu: mai neman postdok daga Nijar fatauci zai fita, kuma ba a fita fatauci sai da haja da mai masauki.

Na ɗaya: mene ne postdok, kuma wa yake bukatarsa?

Postdok aiki ne na kwantaragi, galibi shekara ɗaya zuwa uku, da albashi, ba a ba da wani digiri a ƙarshensa. Yawancin guraben daga wuri ɗaya suke fitowa. Wani farfesa ya rubuta shirin bincike, hukuma ta ba shi kuɗi, ya yi alkawarin kawo sakamako cikin wa'adi, yanzu yana neman hannun da zai yi aikin. Ku sa kanku a kujerarsa. In ya buɗe dosiyenka, me yake tambayar kansa? Tambaya ɗaya ce: wannan mutumin, in ya sauka ranar Litinin, me zai iya yi mini kafin wata uku? Halin da ƙasarku take ciki, da yawan bakin da kake ciyarwa, duk gaskiya ne, amma babu su a cikin rahoton da zai kai wa masu kuɗi.

Wani zai ce, to, ai a tsarinmu ana iya ɗaukar mutum koyarwa a jami'a ba tare da postdok ba. Haka ne. Kuma wanda ya samu aiki a kamfanin lantarki ko a ma'aikatar ma'adinai, ransa ya kwanta a can, ba dole ba ne ya bi wannan hanya. Amma wanda yake son bincike ya zama sana'arsa, abubuwa uku postdok ke ba shi waɗanda suke da wuyar samu a gida: na'urorin da ba mu da su, lokacin rubuta maƙaloli ba tare da ajin ɗalibai ɗaruruwa da tulin takardun jarrabawa ba, da mutanen da za su san sunansa shekara ashirin masu zuwa.

Ku kuma riƙe wannan: agogo yana fara bugawa ranar da aka ce maka dokta. Tallafin Gidauniyar Humboldt ta Jamus na sababbin daktoci yana son wanda bai wuce shekara 4 da kammalawa ba. Na hukumar JSPS ta Japan shekara 6 ne. Na Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai shekara 8. Wanda ya ce bari in ɗan koyar tukuna, in yi aure, in gina ɗaki, zai ɗaga kai ya tarar an rufe ƙofa ta farko, ta biyu ma saura ƙiris.

Na biyu: mece ce hajarka?

Kakanninmu da suke zuwa Gwanja sayo goro ba sa tafiya hannu rabbana. Kanwa suke ɗauka, da fatu, da tufafin rini, abin da mutanen kurmi ba su da shi. In sun isa kuma akwai mai gida da zai sauke su, ya adana musu kaya, ya tsaya musu a gaban masu saye. To, me ɗan Nijar mai doktora a fizik yake da shi wanda ɗan Jamus ko ɗan Sin mai irin digirinsa ba shi da shi?

Akwai rana da ƙura. Bari mu duba wannan kusa-kusa. Farantin sola na silikon yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a duk digiri ɗaya da zafinsa ya haura 25. A watan Afrilu a Yamai iska tana wuce digiri 40, fuskar farantin kuwa tana iya kai 60. Ku yi lissafin da kanku: kusan kashi 14 cikin 100 ya tafi tun ba a yi maganar ƙura ba. Sannan hunturu ya zo da hazonsa, wanda kaso mai yawa nasa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, ya shimfiɗa a kan gilashi. A dakunan gwaji na Turai da Amurka, in za a auna illar ƙura ga faranti, sau da yawa ƙurar gwaji ake saye wadda aka haɗa daga ƙasar Arizona. Mu kuwa kyauta take shigo mana har cikin tuwo. Ɗalibin da ya kafa faranti biyu iri ɗaya a kan rufi, yana goge ɗaya kullum da safe, ya bar ɗaya, yana rubuta ƙarfin wutar kowanne duk minti goma tun daga Nuwamba har ruwan farko, ya maimaita hunturu biyu, ya riƙe abin da babu shi a labo mai miliyoyin Yuro. Ga tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023, ga ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018. Tambayoyin da ke kansu ba su ƙare ba.

Akwai sararin sama da damina. Kada ku ɗauka duniya ba ta san da mu ba a wannan fanni. A 1992 an yi babban aikin awo na HAPEX-Sahel a kewayen Yamai. A 2006, lokacin shirin AMMA na nazarin daminar Afirka ta Yamma, Amurkawa sun kawo tashar awon sararin sama ta tafi-da-gidanka suka kafa a filin jirgin saman Yamai, ta shekara tana aiki. A Banizoumbou, gabas da nan, akwai na'urar auna ƙurar sama ta tsarin AERONET tun shekarun 1990, kuma bayananta a buɗe suke ga kowa a intanet. Cibiyar AGRHYMET tana garin nan tun 1974, cibiyar ACMAD ma a nan take. Maƙaloli nawa aka rubuta da bayanan Banizoumbou? Da yawa. A cikinsu nawa ne sunan ɗan Nijar ya zo a farko? Wannan tambayar na bar muku ita.

Akwai yuraniyom. Tun 1971 ake haƙo shi a Arlit, kuma mahaƙar COMINAK ta rufe a 2021. Awon iskar radon a gidaje, da bin sawun sinadarai masu fitar da haske mai illa a ruwa da ƙasa, da lura da tarin dusar ma'adini shekaru bayan an rufe rami, duk aikin masanin fizik ne, kuma muna da Cibiyar Radiyo-Izotop a cikin jami'ar nan. Akwai fizik na asibiti: a 2021 aka buɗe sashen farko a ƙasar nan na maganin kansa da haske mai ratsa jiki, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya IAEA, kuma irin wannan na'ura ba ta aiki lafiya sai da masanin fizik mai auna adadin hasken da ke shiga jikin majinyaci. A Torodi kuma akwai tashar sauraron motsin ƙasa ta tsarin duniya mai sa ido kan gwajin makaman nukiliya.

Na ga masu nazarin ka'ida tsantsa suna kallona, suna cewa mu fa? Ku ma kuna da haja, sai dai taku a cikin kai da kwamfuta take: dabarar lissafin da ka ƙware a kai, manhajar da ka rubuta da hannunka wadda wani zai iya saukewa ya gwada. Gasarku ta fi zafi domin da duniya duka kuke karawa a fili ɗaya, saboda haka ku ne kuka fi kowa bukatar abin da zan faɗa a kashi na uku da na biyar.

Na uku: ina ƙofofin suke?

Iri biyu ne, kuma a daina haɗa su. Iri na farko gurbi ne da aka tallata: kuɗin na mai labo ne, batun binciken ma nasa ne. Masu fizik na ƙananan ƙwayoyin zarra suna duba shafin INSPIRE da AcademicJobsOnline. Masu ilimin taurari suna duba rajistar ayyuka ta ƙungiyar AAS ta Amurka. Na Turai gaba ɗaya suna fitowa a EURAXESS, na Faransa kuma a shafin ɗaukar aiki na CNRS. A nan kana gasa da ɗalibin da ya yi doktora a labon da ke maƙwabtaka da mai tallar.

Iri na biyu tallafi ne da kai kake nema da sunanka, da shirin bincikenka, ka je da kuɗinka wurin mai masaukin da ya yarda ya karɓe ka. Wannan ya fi dacewa da yawancinmu, domin wasu an gina su ne musamman saboda irinmu, kuma farfesa ba ya ƙin ma'aikacin da wani zai biya.

A Trieste ta Italiya akwai cibiyar ICTP, wadda Abdus Salam ɗan Pakistan, mai lambar Nobel ta 1979, ya kafa a 1964 domin kada masanan ƙasashe matalauta su zaɓa tsakanin kimiyya da ƙasarsu. Tana da guraben postdok, tana da shirin TRIL mai tura mutum aiki a labo-labon Italiya, tana da STEP ga wanda bai gama doktora ba tukuna. Sashenta na fizik ɗin duniya shi ke kula da RegCM, manhajar kwaikwayon yanayi da masu bincike da yawa a Afirka ta Yamma suke aiki da ita. Tana kuma da cibiya abokiyar aiki a Kigali tun 2018. A Trieste ɗin dai akwai TWAS, da aka kafa a 1983, mai tura sababbin daktoci ƙasashe irin su Indiya da Barazil da Pakistan, kuma tana da shiri tare da hukumar DFG mai kai ɗan Afirka kudu da Sahara Jamus na wata 3. Kada ku raina wata ukun nan. Sau da yawa shi ne gaisuwar da ke haifar da shekara biyu.

Gidauniyar Humboldt tana da tallafin Georg Forster, wata 6 zuwa 24, na ƴan ƙasashe masu tasowa kaɗai, kuma ana so ka nuna amfanin aikin ga ƙasarka. Wanda ya fahimci kashi na biyu na laccar nan ya riga ya rubuta rabin wannan shafi. Na Marie Skłodowska-Curie a buɗe yake ga ɗan kowace ƙasa, shekara ɗaya zuwa biyu, amma a shekarun nan masu samu ba su kai ɗaya cikin biyar na masu nema ba. Kwalejin Kimiyya ta Sin tana da shirin PIFI. Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe, wanda Nijar mamba ce a cikinsa, shi ma yana da tallafin bayan doktora.

Kuma wa ya ce sai an haye teku? Afirka ta Kudu tana da iThemba LABS kusa da Cape Town ga masu fizik na nukiliya, tana da na'urar MeerKAT mai faifai 64 ga masu sauraron taurari. Cibiyoyin AIMS suna Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda. A Zariya, tafiyar mota ce daga Maraɗi, cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, wanda ake tantance sinadaran da ke cikin ƙasa da dutse da shi. A Sakkwato akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Yarenmu ɗaya da su, ranarmu ɗaya, ƙurarmu ɗaya. Sau nawa muka rubuta maƙala tare?

Na huɗu: lokaci.

Kasuwar nan tana da ranarta. A Turai da Amurka manyan tallace-tallace suna fitowa daga Satumba zuwa Disamba, domin aikin da za a fara a Satumba ko Oktoba na shekara mai zuwa. A fannin ƙananan ƙwayoyi da na taurari yawanci ana rufewa a Nuwamba ko Disamba, amsoshi su fara fitowa a Janairu. Na Marie Skłodowska-Curie a Satumba ake rufe shi, ma'ana tun watan Mayu ko Yuni ya kamata kai da mai masaukinka ku fara rubutu. Guraben da ke kan kuɗin wani shiri kuwa kowane wata suna iya fitowa, su rufe cikin ƴan makonni. Shirye-shiryen TWAS da na Humboldt kowanne da lokacinsa, kuma sharuɗɗa suna sauyawa, sai a duba shafinsu kowace shekara.

Ku ƙirga da baya. Mai sa ran kare kundinsa a Yulin baɗi, neman nasa a damina ta bana yake farawa. Wanda ya bari sai an yi walima an watse kafin ya buɗe kwamfuta ya yi asarar shekara guda cikin shekarun nan huɗu da muka ambata. Wurare da yawa suna karɓar dosiyen wanda bai kare ba, in dai malaminsa ya rubuta ranar da ake sa ran karewa.

Na biyar: dosiye da wasiƙar farko.

Abubuwa huɗu ne a dosiye: CV, jerin maƙaloli, shirin bincike na shafi biyu zuwa uku, da wasiƙun shaida, galibi uku. A CV a sa abin da hannu ya iya: na'urar da ka sarrafa, harshen kwamfutar da kake rubutu da shi, irin Python ko Fortran, da bayanan da ka tara. A cire firamare da sunan unguwa. Ka buɗe lambar ORCID da shafin Google Scholar, kyauta ne. Ka sa maƙalarka a arXiv, rumbun da masana fizik suke ajiye aikinsu tun 1991. Karon farko za a iya neman wani wanda ya riga ka shiga ya tsaya maka, wannan ma wata hanyar sanin mutane ce. Maƙala biyu a mujallar da mutanen fanninka suke karantawa sun fi goma a inda ba mai leƙawa.

Wasiƙar shaida ita ta fi komai nauyi, kuma a nan muke yawan faɗuwa. Malamaina, ku gafarce ni. Wasiƙa mai layi huɗu da ke cewa yaro ne mai ladabi da ƙwazo ba ta taimakon kowa. Mai karatu yana son ya ji wace matsala ɗalibin ya warware, wane ɓangare na aikin nasa ne shi kaɗai, kuma ina yake in an jera shi da sauran ɗaliban da malamin ya yaye. Ku kuma ɗalibai, ku ba malami wata guda, ku haɗa masa da CV da tallar da ranar rufewa. Ku yi ƙoƙari ɗaya cikin ukun ta fito daga wani na waje da ya ga aikinku da idonsa. Ina ake samun irin wannan? A makarantun horo da taruka: na ICTP, da Makarantar Fizik ta Afirka da ake yi tun 2010, wadda ta zo Kumasi a 2012 da Dakar a 2014, da tarukan ƙungiyar masana fizik ta Afirka ta Yamma, SOAPHYS. In ka je, kada ka zauna da ƴan garinku kuna shan shayi har a tashi. Ka yi tambaya a zaure, ka tsaya gaban allon aikinka, ka karɓi adireshin malamin da ya tsaya ya duba.

Yanzu ga wasiƙa iri biyu da ke isa akwatin imel na farfesa guda. Ta farko ta ce: ranka ya daɗe, ni ɗan ƙasa matalauciya ne, ina sha'awar babban labonka mai daraja, ina roƙo ka taimake ni da kowane irin gurbi. An tura wa mutum hamsin a lokaci ɗaya, har sunan wani farfesan ya maƙale a sama. Ta biyu ta ce: na karanta maƙalarku ta bara kan yadda ƙura ke rage ƙarfin faranti, kun yi gwajin da ƙurar labo, ni ina da awon hunturu biyu daga Yamai, duk minti goma, da samfurin ƙurar kanta, kuma sakamakona ya saɓa wa naku a watannin da raɓa ke sauka, ga hoto ɗaya na alƙaluman, ina so in nemi tallafin Georg Forster in zo mu gano dalili, ko za ku karɓe ni? Wacce za ku amsa in ku ne? Ta biyun ba ta kai layi goma sha biyu ba. In mako biyu ya wuce shiru, a sake tuntuɓa sau ɗaya cikin ladabi, sannan a wuce gaba. Ƙi da shiru sun fi amsa yawa ga kowa, har ga ɗaliban manyan jami'o'in duniya.

In an kira ka ganawa ta bidiyo, ka nemi wurin da wuta da intanet ba za su yanke ba, ka tanadi waya ta biyu, ka tura hotunan jawabinka tun kafin lokaci. Kai ma ka yi tambaya: wa ke biyan inshorar lafiya, akwai kuɗin zuwa taro, kuma bayanan da na zo da su, sunan wa za su ɗauka?

Na shida: ƙayoyin da ke kan hanya.

Ta farko Ingilishi. Da Faransanci muka yi karatu, amma da Ingilishi fizik ke magana yau, har a labo-labon Faransa. Kundin sake gina ƙasa na 2025, wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ku ware rana ɗaya a mako a sashe, kowa ya gabatar da maƙala da Ingilishi, a yi kuskure a yi dariya a gyara tun a gida.

Ta biyu biza. Tun farkon 2024 ofishin jakadancin Faransa a Yamai yake rufe, kuma hulɗar ƙasarmu da wasu ƙasashe ta sauya tun 2023. Neman biza zai iya kai mutum wata ƙasa, da kuɗin mota da na masauki. Ka gaya wa mai masaukinka wannan tun farko don a sa ranar fara aiki mai yiwuwa, ka nemi takardar yarjejeniyar masauki da wuri, kuma kada ka jingina da ƙasa ɗaya.

Ta uku macuta. Gurbin gaskiya ba ya neman ka biya kuɗin dosiye. Mujallar da ta aiko maka da yabo, ta ce za ta buga aikinka cikin kwana biyar in ka biya, za ta ci kuɗinka ta ɓata maka CV. Kafin ka tura, ka duba ko tana cikin Scopus ko Web of Science, ka tambayi na gaba da kai.

Ta huɗu iyali, kuma a nan da ƙannena mata nake. Na san tambayar da ake yi muku a gida, wadda ba a yi wa maza. Ku sani Humboldt tana ba da ƙarin kuɗi ga mai tafiya da iyali, kuma a shirin Marie Skłodowska-Curie ana cire hutun haihuwa daga lissafin shekarun nan takwas. Gidauniyar Schlumberger tana da tallafi na mata zalla daga ƙasashe masu tasowa. Ƙungiyar OWSD kuma tana ba mace mai doktora har dala 50,000 ta yi bincike a jami'arta ba tare da ta bar gida ba. Iyaye da mazaje da ke cikin zauren nan, a taimaka musu.

Na bakwai: hanyar dawowa.

Mutumin da jami'ar nan take ɗauke da sunansa tun 1992, Abdou Moumouni Dioffo, an haife shi a Tasawa a 1929. Ya yi karatun fizik a Faransa, ya ci jarrabawar agregasiyo a 1956. A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet ya zurfafa a ilimin makamashin rana. Daga can bai nemi kujera a Turai ba. Ya kafa labon makamashin rana a Bamako a 1964, ya dawo gida ya riƙe hukumar makamashin rana ta ONERSOL daga 1969, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da rana a nan Yamai, sannan ya shugabanci jami'ar nan daga 1979. Ya rasu a 1991. Abin lura a tafiyarsa shi ne ya zaɓi abin da zai koyo da idon abin da ƙasarsa take da shi.

Saboda haka tun kafin ka tashi ka tambayi kanka: abin da zan koyo, zai yi aiki a ɗakin da wuta ke ɗaukewa? Wanda ya ƙware a na'urar da ke shan ruwan heliyom kullum zai dawo ya zauna hannu biyu, sai in ya ƙulla yadda zai riƙa komawa ko aika samfuri. In kana da aiki a jami'a, ka karɓi izinin tafiya a rubuce. Ka riƙa sa sunan jami'arka ta gida a maƙalolinka tare da na masu masauki. Ka san abin da CAMES take nema, hukumar da aka yanke shawarar kafa ta a nan Yamai a 1968, mai hedikwata a Wagadugu, domin ita za ta auna dosiyenka na ƙarin girma. Akwai kuma kuɗin dawowa: Humboldt tana da tallafin komawa gida, TWAS tana da shirin SG-NAPI na taimaka wa matashin da ya dawo Afirka ya kafa labonsa, ICTP kuma tana naɗa mutum abokin cibiya na shekara 6, yana koyarwa a gida yana zuwa Trieste lokaci-lokaci.

Wanda kuma Allah ya zaunar da shi can, ba mu yi fushi ba. Amma ya zama mai gida ga na baya: ya karanta shirin binciken ƙaninsa, ya rubuta wasiƙar shaida, ya turo talla in ya gani.

Kammalawa

Ina da roƙo huɗu ga shugabanninmu. A ba kowane ɗalibin doktora adireshin imel mai sunan jami'a, domin wasiƙar da ta fito daga irinsa an fi buɗe ta. A tara sunayen tsofaffin ɗalibanmu da ke labo-labon duniya wuri ɗaya. A rage wa sabon dokta nauyin koyarwa a shekarunsa biyu na farko, a kuma sa hannu a takardarsa kafin ranar rufewa ta wuce. Na huɗu, mu ma mu fara karɓar postdok. Shirin WASCAL na sauyin yanayi da makamashi ya riga ya nuna cewa ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suna zuwa Yamai neman ilimi. Babu abin da zai hana dokta daga Bamako ko Kano ko Jamus ya zo ya yi shekara biyu a kan rufinmu yana awo.

Ku kuma ƙannena, aikin gida nake ba ku, kuma kafin ƙarshen watan nan. Kowa ya rubuta hajarsa a layi uku. Ya fitar da sunayen mutum biyar a duniya da aikinsu ya taɓa nasa, ya karanta maƙala ɗaya ta kowannensu. Ya rubuta ranakun rufewa ya manna a bango. Sannan ya aika wasiƙa ɗaya, bayan ya nuna wa malaminsa.

 Allah ya sa albarka a karatunku, ya buɗa muku ƙofofin alheri. Yanzu fili naku ne: mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, ya faɗi fanninsa da shekarar da yake ciki, kuma ina so mu fara da ɗalibai mata.